Ranar da Girar Inna Yalwa Ta Hau Goshi

Ranar Litinin da ta wuce, da aka fita tara, muna zaune a gindin dalbejiya muna cin gyaɗa, Saratu ta ce wai gyaran gira ba sana'a ba ce. Ta ce layi biyu ne kawai, ko 'yar aji ɗaya za ta iya ja da alli. Sauran 'yan ajinmu suka yi dariya, ni ma na taya su, domin ban iya gardama da baki ba. Idan mutum fiye da uku suka juyo suna kallona, sai in sunkuyar da kai. Shi ya sa na ɗauko takarda. Shekarata huɗu ke nan ina wannan aiki tare da Gwaggo Abu, yayar babana, wadda take riƙona. Kullum bayan an tashi daga makaranta nake yi, da kuma Asabar da Lahadi. Ina so Saratu ta karanta wannan har ƙarshe kafin ta sake cewa layi biyu ne.

Kayan aikin duka a kwando ɗaya suke, mai murfi, wanda Gwaggo ke ratayewa a ƙusa bayan ƙofa don kada kaji su shiga. Akwai ɗan ƙaramin almakashi da ta samo wurin wani tela tun kafin a haife ni, da rabin mataji, da reza a naɗe cikin takarda, da tandun kwalli, da 'yar kwalbar man kaɗe. Akwai madubi mai tsaga a kusurwar hagu, wanda idan ba ki iya riƙe shi ba sai ya raba wa mutum kunne biyu. Akwai hantsaki, amma na cire ƙaya ne kawai, domin Gwaggo ba ta tuge gashi daga tushe. Ta ce ita mai gyara ce, ba mai shara ba. Sai kuma gashin zakara guda uku da ake zane da su, da ƙoƙon katambiri.

Katambirin nan shi ne babba a cikin kayan. Ɗan itace ne da masu kawo itacen girki suke zuwa mana da shi daga daji. Ana fasa shi, a daka cikinsa, a jiƙa, a tace. Abin da ya kamata ki sani game da shi biyu ne. Na farko, lokacin da ake shafa shi kamar ruwa yake, da kyar ake ganin inda gashin zakara ya bi, sai bayan wasu sa'o'i yake yin baƙi. Na biyu, idan ya kama fata ya kama ke nan, ba ruwansa da sabulu, sai ya yi kwanakinsa ya tafi don kansa.

Shekarata ta farko ban taɓa fuskar kowa ba. Riƙon madubi nake, da shara, da korar kaji. Daga baya Gwaggo ta ba ni gawayi da tsohuwar ƙwarya ta ce in riƙa zana gira a bayanta, in goge, in sake. Da ƙwaryar ta ishe ni, wata rana na gwada a kan farar akuyarta. Na yi mata gira biyu masu kauri, akuyar ta juyo ta dube ni kamar alƙali yana sauraron ƙara. Gwaggo ta fito ta gan ta, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ta hagun ta fi ta daman tsawo. Wannan kawai ta faɗa. Yini guda maƙwabta suna shigowa gaida akuya.

Aikin farko da na gani na fahimci akwai ilimi a ciki, na wata amarya ce mai gira a haɗe, baƙa wuluk, daga wannan kunne kusan zuwa wancan. Ƙawayenta suka ce a rage rabi. Gwaggo ta ƙi. Ta taje ta sama, ta datse bakin da ya yi tsawo, ta ɗan share tsakanin, ta shafa mai, ta ce an gama. Da suka yi ƙorafi sai ta kira uwar amaryar da kakarta, ta jera su uku a kan tabarma, ta ce su duba da kyau. Ta amarya cike take. Ta uwar ta fara zubewa daga wajen kunne, saura kai da tsakiya. Ta kakar kuwa 'yan tsiraru ne farare a gindin hanci, kowane gashi ya kama gabansa. Gwaggo ta ce gira ɗaya ce suke gani a lokaci uku, kuma wadda ta zubar da tata da gangan tana yarinya, ranar da za ta neme ta ba za ta samu ba.

Tun daga ranar na fara lura. Jariri kusan ba shi da gira, sai alamar inda za ta fito. Ta budurwa takan yi yawa har ta rasa inda za ta dosa. Bayan haihuwa biyu ko uku wutsiyar takan fara sirancewa. Idan furfura ta shigo, gashin yakan yi tauri ya miƙe tsaye, ba ya jin mataji, sai an lallashe shi da man kaɗe. Maza kuwa akasin haka ne. Ta babana, tun da ya fara manyanta, sai tsawo take ƙarawa tana saukowa kamar bakin jinkar ɗaki, har wanzaminsa yakan tambaye shi ko yana ganin hanya. Na taɓa tambayar Gwaggo ina gashin girar tsofaffin mata yake tafiya. Ta ce ba ɓacewa yake ba, ƙaura yake yi, ya sauka haɓa, kuma in ban yarda ba in jira shekara arba'in.

Gwaggo tana da doka biyu da ba ta taɓa karyawa. Ta farko, ana zaunar da mutum ya ba rana baya. Ta biyu, kafin a taɓa fuskar mace sai an sa ta ta yi fuska uku: ta yi dariya, ta yi fushi, sannan ta rufe ido ta saki jiki kamar mai barci. Dalili shi ne gira ba a wuri ɗaya take zaune ba, tafiya take, musamman ta tsofaffi da fatar goshinsu ta saki. Kuma duk macen da ta ga madubi sai ta yi wata fuska da ba tata ba. Sai kin ga inda girar take hawa da inda take sauka, sannan ki san gidanta na gaskiya. Gwaggo ba ta jin nauyin kowa a nan. Na ga ta sa matar liman ta yi fushi sau biyu, wai na farkon bai kai ba.

Wannan doka ta biyu ita ce ta gagare ni. Ni da ko gaisuwa nake yi idona yana ƙasa, yaya zan dubi sa'ar kakata in ce mata ta yi dariya? Masu zuwa gidanmu duk da ƙafafunsu na san su. Na san mai faso a dunduniyar dama, na san mai lallen da kullum yake tsayawa a rabin yatsa, na san wadda silifas ɗinta aka ɗinke da zaren buhu. Idan an ba ni fuskar yarinya sa'ata ina iya cewa ta yi fushi, a hankali. Idan babba ce sai Gwaggo ta faɗa, ni in yi zanen.

Sai ga shekarar jagira. Lokacin ne baƙi suka fara cika garin nan saboda aikin sabon birni, ana ta maganar za a ɗauke mana sunan Abuja a kai can. Ma'aikata suka kama haya ta wajen Kwamba, matansu suka zo daga Ikko da Kaduna da wata irin gira siririya kamar zaren ɗinki. Ashe askewa suke yi tas da reza, su ja sabuwa da fensirin da ake kira jagira. Kafin wata uku masu tireda sun kawo shi kasuwa, matan gari suka ɗauka. Kowa ta zama mai gyaran girar kanta. Za ki ga mace da safe da gira, da azahar zufa ta wanke ɗaya, ta dawo daga kasuwa da guda. Wata takan ja tata yau a nan, gobe a can, mijinta bai san da wace fuska za a kawo masa tuwo ba. Duk da haka ba wadda ta dawo wurinmu. Tabarmar da takan cika ranar Asabar ta koma wurin kwanciyar akuya.

Ɗan Gwaggo da ke noma a Maje ya yi ta aiko mata cewa ta rufe kwandon nan ta koma wurinsa ta huta. Ita kuwa ta ce muddin akwai mace ɗaya da ke shigowa don a yi mata gira, ba inda za ta. Macen nan ɗaya ita ce Inna Yalwa mai daddawa. Gwaggo ta faɗa a gabana cewa ranar da Inna Yalwa ta daina zuwa, ranar za ta ɗaure kayanta, ni kuma in koma gidan babana.

Inna Yalwa doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma tsufa ya riga ya kwashe mata gira. Na taɓa ƙirgawa ta cikin madubi: bakwai a dama, huɗu a hagu, duk farare. Ba ta son jagira domin yini take a kan tukunyar kalwa, tururi yana narkar da shi. Katambiri kaɗai ke zama a fuskarta.

Wata Asabar da safe Gwaggo ta sa hannu cikin itace kunama ta harbe ta a babban yatsa. Maƙwabciyarmu ta ja ta zuwa wurin mai magani a wata unguwa, tana tafe tana yarfa hannu tana zagin kunamar har kakanninta. Ba su daɗe da fita ba sai na ga silifas mai zaren buhu a bakin ƙofa, ashe Inna Yalwa ce. Ranar ce sunan jikanta, ɗan ɗanta na fari, kuma dangin mai jego sun zo tun daga Lambata. Na gaya wa ƙafafunta abin da ya sami Gwaggo. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce ba ta da lokacin jira, ai ni ma na iya, in ɗauko kwando.

Ba ta zauna a tabarma ba. Turmi ta kifar ta zauna a kai, ta fuskanci gabas, rana tana dukan idonta. Ta runtse ido, ta tamke goshi, fuskar duk ta tattaru ta sauko. Ni kuma na ɗauka fushi take don ba ta sami Gwaggo ba. Na buɗe baki in ce ta juya, ba abin da ya fito. Na sake buɗewa in ce ta yi dariya, sai na ji kaina ina tambayarta ko a kawo ruwa. Gashin nan goma sha ɗaya duk sun shige cikin tamoji, ban ga ko ɗaya ba. Sai na yi abin da nake yi a bayan ƙwarya: na auna yatsa biyu daga fatar ido, na tsoma gashin zakara, na ja. Layi biyu ne masu kyau, daidai da juna, irin waɗanda Saratu take magana. Na miƙa mata madubi, ta ce me za ta gani a ruwa, ta tashi ta tafi.

Bayan azahar Gwaggo ta dawo da yatsa a ɗaure, ta kwanta, ta ba ni sabulu da ɗan zane in kai gidan suna a madadinta. Na tarar da gida cike, ana ta rabon tuwo da masa. Na raɓe bayan ƙofar ɗakin mai jego ina jiran wanda zan miƙa wa saƙon. Daga nan na hango Inna Yalwa zaune a kan gado cikin inuwa, fuskarta a sake, ta tura ɗankwali baya. Katambiri ya kama, baƙi ƙirin. Girar tana can tsakiyar goshi, a lanƙwashe kamar bakin ƙwarya, tsakaninta da ido ya kai faɗin tafin hannuna. Ko ba ta yi komai ba, kamar yanzu aka gaya mata an ga kura a masallaci.

Ba wanda ya gane zane ne ya kauce. A shekarar nan kowace mace girarta inda ta ga dama take, an daina tambaya. Abin da mutane suka gani kawai shi ne uwar miji tana mamaki.

A daidai lokacin Lantana ta ɗauko jaririn. Ita ce ƙanwar uwar mai jego, ita ta jagoranci matan Lambata, gajera ce mai murya. Ta ɗora shi a cinyar Inna Yalwa ta ce ga angonta nan. To, Inna Yalwa ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, balle ta zauna gaban surukai tana yabon abin da ya haifa. Ta yi kawaici kamar yadda ya kamata, ba ta ce uffan ba. Ta dubi jaririn, ta ɗago ta dubi uwarsa, ta sake duban jaririn. Yaron kuwa fari ne sol, irin farin jarirai, ubansa kuma baƙi ne kamar gindin tukunya. Na ga ƙafafun matan Lambata suna matsowa kusa da juna.

"Yaya, me kika gani?" in ji Lantana.

"Ba komai."

"Ba komai ne kike masa wannan kallo?"

Inna Yalwa ba ta san abin da ake nufi ba, sai ta yi mamaki na gaske, girar ta ƙara hawa har ta kusa shiga ɗankwali. Lantana ta karɓe jaririn. Ta ce su a gidansu ba a taɓa yi wa 'yarsu irin wannan kallo ba, in akwai magana a fito a faɗe ta a gaban mutane. Ta ce kakar mai jegon ma fara ce, kowa a Lambata ya sani. Ta juya ta ce wa 'yan uwanta su fara haɗa kaya, da mai jego za su tafi, in ta gama wanka a can sai a zo a yi bayani. Mai jego ta fara hawaye. Matan gidan suna ta ba da haƙuri, amma duk wadda ta juya ta dubi Inna Yalwa don ta sa baki, sai ta ga fuskar, ita ma jikinta ya yi sanyi.

Na san da na ajiye sabulun na zame ba wanda zai ce ya gan ni. Na kuma san zuwa dare wani zai kawo fitila kusa ya gane, amma kafin nan motar Lambata ta tashi. Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina durƙushe a tsakiyar ɗaki da sabulu a hannu, mata sun fi ashirin suna kallona. Na ce ni ce. Lantana ta ce ke ce wa, kuma in ɗaga murya, ba da tabarma nake magana ba. Na ga idan na tsaya bayani ba zan kai ƙarshe ba. Sai na ɗaga kai, karo na farko a rayuwata na dubi Inna Yalwa ido cikin ido.

"Inna, yi fushi."

Wata ta ce, "'Yar wa ce wannan?"

Ba sai na maimaita ba. Yarinya ta ba ta umarni a gaban surukai, ga abin da ake ciki, fushin ya zo da kansa. Ta haɗe rai iya ƙarfinta, goshin ya tattaru, girar ta sauko ta zauna daidai inda ta kowa take. Fuskar ta yi kyau, ta yi kama da ta mutumin kirki da ke sauraron wa'azi. Na ce ta saki. Ta saki, girar ta koma sama. Na ce ta rufe ido kamar mai barci. Ta rufe, sai ga mai barci tana mamaki. A nan ne mai jego ta fara dariya tana riƙe ciki tana cewa a bari, ciwo take ji.

Lantana ba ta yarda nan take ba. Ta sa aka kawo ruwa da tsumma, ta karɓi sabulun da ke hannuna, ta hau goshin surukarta da cuɗa kamar mai wanke tukunya. Goshi ya yi ja, gira tana nan. Ta sa yawu a yatsa ta gwada, tana nan. Aka kawo madubi. Inna Yalwa ta duba ta daɗe, kuma ba wanda ya iya sanin abin da take ji, domin fuskar ba ta da sauran abin da za ta ƙara.

Lantana ta zauna tana haki, ta ce to ta ji, amma tun da fuskar ba abin dogara ba ce yau, sai a faɗa da baki. Ta mayar da jaririn cinyar kakarsa ta ce tana saurare. Inna Yalwa ta yi ta kauce-kauce, ta ce ai kowa ya gani, ta ce Allah ya raya. Lantana ta ce ba ta ji ba. Daga ƙarshe ta ɗaga yaron ta juya shi wajen haske.

"Wannan hancin na gidanmu ne," ta ce. "Ba wanda zai so ya ara. Angon nawa mummuna ne, amma namu ne."

Aka yi guɗa, aka kwance kayan da aka fara ɗaurewa. Ni kuma na fita ta bayan mutane, na manta takalmina ɗaya a can.

Washegari da sassafe Inna Yalwa ta shigo gidanmu da ɗankwali a ja har kan ido, da takalmina a hannu. Ta yaye ɗankwalin a gaban Gwaggo. Gwaggo ta duba, ta matso ta sake dubawa, ta nuna mini gashin nan goma sha ɗaya a can ƙasa su kaɗai, ta ce yanzu baiwar Allah tana da gira huɗu. Ta tambaye ni ina rana take lokacin da na yi. Na faɗa. Ta tambaye ni fuska nawa na sa aka yi. Na ce uku, amma bayan an gama. Aka gwada lemon tsami, aka gwada toka, aka gwada sabulun salo. Gwaggo ta ce sai haƙuri, kwana tara ko goma. Inna Yalwa ta ja ɗankwalinta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Ran nan Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta sauko da akwatinta ta fara jera zannuwa. Kowace rana takan ƙara abu ɗaya: yau tasoshi, gobe taskira, jibi ta aika a tambayo mata wanda zai kai akuya Maje. Kwandon kaɗai ta bari a ƙusa. Asabar ta zo ta wuce ba wanda ya shigo. Ni kuwa duk motsin da na ji a zaure sai na dubi ƙasa in ga ƙafar waye.

Rana ta goma sha ɗaya, da la'asar, ina tsince shinkafa, sai ga zaren buhu. Goshin ya koma fes, ba komai a kai. Ta gaida Gwaggo, ta tambayi yatsa, ta ɗauki tabarma da kanta ta shimfiɗa, ta ba rana baya. Gwaggo ta miƙa hannu za ta sauko da kwando, Inna Yalwa ta ce a'a, yarinyar za ta yi. Kafin in buɗe baki ta yi dariya, ta yi fushi, ta rufe ido, ɗaya bayan ɗaya kamar mai shan magani. Na tsoma gashin zakara. Sai ta buɗe ido ɗaya ta ce in ɗan ɗaga ta kaɗan. Ba kamar waccan ba, kaɗan dai, domin gobe kasuwa.

Ashe kwanakin nan da ta yi da girar sama, duk wanda ya taya daddawarta ya ɗago ya ga fuskar, sai kunya ta kama shi ya ƙara da kansa. Ita da aka sani da saurin sallamawa, ba ta taɓa cinikin da ya kai na makon nan ba. Gwaggo ta ce ita ba ta gyara fuska don a tsorata masu cefane. Suka yi ta ja, suka daidaita a kan faɗin ƙwayar gero ɗaya. Da dare ya yi na ga tasoshin sun koma inda suke.

Matan da suka ga Lantana tana cuɗa goshin nan da sabulu bai fita ba, su ne suka fara dawowa. Sun gaji da girar da ke bin zufa. Da yawansu kuma sun tarar cewa abin da suka aske bai dawo duka ba, musamman waɗanda suka haura arba'in, sai mu bi ɗan abin da ya rage mu cike musu. Lantana da kanta ta zo daga Lambata ranar da aka yi arba'in ɗin mai jego. Da na ce ta yi fushi, Gwaggo ta ce wannan ba sai an roƙa ba.

Har yau ban iya magana a gaban aji ba, malamai sun sani. Amma a kan tabarmar nan ina duban kowace mace in gaya mata abin da za ta yi da fuskarta, kuma tana yi.

Saratu, na faɗa wa Gwaggo abin da kika ce. Ta ce ki zo ranar Asabar da hantsi, za ta ba ki gashin zakara da fuskarta, tata girar ma saura kaɗan. Ba sai kin riƙe madubi shekara guda ba, ba sai kin bi ta kan ƙwarya da akuya ba. Abu ɗaya kawai za ki fara yi: ki tsaya a gabanta, ki dube ta cikin ido, ki ce mata ta yi fushi. Ni zan riƙe miki takalmanki a bakin ƙofa.